In an rufe ƙofa gobe, da me za ka fita?

Aikina shi ne kula da shafin intanet na wata ƙaramar kafar labarai mai haɗe da gidan rediyo. Editoci su rubuta, masu gabatarwa su naɗi shiri, ni kuma in tabbatar abin ya hau shafi, ya isa ga jama'a, bai kuma salwanta ba. A irin wannan aiki ba a shekara ba a zo maka da sabon dandali ba, a ce can mutane suka koma, maza a buɗe mana asusu. Yawan buɗe-buɗen nan ne ya tura ni karanta wata tsohuwar jayayya da masana fasaha na Amurka da Turai suka shafe fiye da shekara 20 suna yi: shin hirar jama'a a intanet a hannun kamfani ɗaya ya kamata ta zauna, ko kuwa a bisa wata ƙa'ida da kowa zai iya ɗauka ya yi gini a kanta? Mai kallo daga nan zai iya cewa rigimar ƙosassu ce, masu lantarki dare da rana. Amma kusan duk shawarar da nake yankewa a ofis yau, wasu sun riga sun yi faɗa a kanta tun muna layi a kafe muna sayen minti talatin.

Tushen maganar wani ɗan fayil ne da ake kira RSS. Ba shi da kyan gani. In ka buɗe shi rubutu ne zalla: sunan shafi a sama, sai jerin labarai, kowanne da kanunsa da mahaɗinsa da ranar da aka wallafa shi. Shafi ya ajiye fayil ɗin a adireshin da ba ya canjawa, duk sanda aka sa sabon labari fayil ya sabunta. Mai karatu kuma yana da manhajar da ke zagayawa lokaci-lokaci tana leƙa adireshin da ya ba ta, ta kwaso abin da bai gani ba, ta jera masa bisa lokaci. Ba rajista, ba kalmar sirri, ba wanda ya tsaya a tsakani yana zaɓar abin da zai fara gani. Mai shafi ko sunan mai karatun bai sani ba. Jerin shafukan da mutum ke bi yana hannunsa shi kaɗai.

Kamfanin Netscape ne ya fara fitar da shi a 1999, daga baya ya yi watsi da shi. Wani mai haɗa manhaja, Dave Winer, ya ɗauka ya ci gaba da nasa salon mai sauƙi, wanda ya zama RSS 2.0 a 2002. Wani rukuni kuma, cikinsu har da Aaron Swartz yana ɗan shekara 14, sun fitar da RSS 1.0 a ƙarshen 2000 a kan wani tsari dabam. Lambarsa ta fi ta Winer ƙanƙanta, amma ba wansa ba ne, kishiyarsa ce. Da rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa wasu suka ce a sake sabon lale, suka ƙirƙiro Atom, aka tabbatar da shi a Disambar 2005. Wata uku bayan haka, ranar 21 ga Maris 2006, Jack Dorsey ya aika saƙon farko a Twitter. Shekara biyar ƙwararru suna gardamar yadda za a jera layukan fayil, alhali mutumin gari har lokacin sai ya nemo wata alama ruwan goro a gefen shafi, ya kwafi adireshi, ya je ya liƙa a wata manhajar kafin ya ga komai.

Na taɓa zaunar da wata abokiyar aikina, gogaggiyar 'yar jarida, na nuna mata yadda za ta tara jaridu da gidajen rediyo masu yawa a allo ɗaya, ba talla ba hayaniya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yi kyau, sannan ta ce, “To Malam, ina wurin da zan ga wanda ya yi mini magana?”

Babu wurin. RSS tafiya ɗaya yake yi, daga mai wallafa zuwa mai karatu, ba amsa, ba wanda zai san ka karanta. Twitter kuwa ya zo da maɓalli guda na bin mutum, ya kuma mayar da kowane mai karatu marubuci. Haruffa 140 ne iyakarsa a lokacin, saboda saƙon tes na waya 160 yake ɗauka, aka bar 20 don sunan mai aikawa. Ƙanƙantar nan da masu dogon rubutu suka riƙa yi wa dariya ita ta cire wa mutane tsoro, don ba wanda zai ce ba shi da lokacin jimla ɗaya. A watan Mayun 2009 Steve Gillmor, wani mai sharhi kan fasaha, ya rubuta ta'aziyyar RSS, ya ce shi kam ya koma Twitter don can labari ke fara fashewa. Aka yi masa caa. Winer da wasu injiniyoyin Google suka fito da dabaru iri biyu masu manufa ɗaya, wato shafi ya riƙa sanar da manhaja nan take maimakon ta yi ta zagaye. Sun ɗauka gudu ne ya raba su da jama'a. A ganina ba gudu ba ne, tambayar abokiyar aikin nan tawa ce.

Waɗanda suka gane haka suka ce to a gina Twitter marar mai gida. A Yulin 2008, lokacin da Twitter ke yawan sumewa har hoton ƙaton kifin nan da tsuntsaye ke ɗagawa ya zama abin barkwanci, Evan Prodromou ya buɗe identi.ca daga Montreal, ya saki manhajarsa kyauta don kowa ya kafa nasa, su riƙa magana da juna. A 2010 ɗalibai huɗu na Jami'ar New York suka nemi dala 10,000 don gina Diaspora a madadin Facebook, jama'a suka tara musu fiye da dala 200,000. Ba rashin ƙwarewa ya hana su yaɗuwa ba. Mutum ya shiga, ya yi sallama, ba wanda ya sani da zai amsa, ya koma inda 'yan uwansa suke. Da a nan tarihin ya tsaya, da sai a ce Gillmor ya ci gari.

Abin da ya faru a 2013 shi ya ba ni ma'aunin da nake aiki da shi. Google Reader, wanda aka buɗe a 2005, ya zama manhajar da mafi yawan masu RSS ke karatu da ita. Ranar 13 ga Maris Google ya sanar zai rufe shi, ranar 1 ga Yuli kuma ya rufe. An yi kuka, an sa hannu a takardun koke, an sake rubuta ta'aziyyar RSS. Amma dubi abin da mai karatu ya yi a zahiri. Ya sauke wani ɗan fayil mai suna OPML, wanda ba komai ba ne illa jerin adireshin shafukan da yake bi, ko ya bar sabuwar manhaja ta kwaso masa jerin, washegari ya tarar da labaransa suna jiransa. Feedly ya ce mutum fiye da 500,000 ne suka koma wurinsa cikin awa 48 da sanarwar. Masu shafuka ba su motsa ba, da yawansu ba su ma san an yi ƙaura ba. Abin da ya salwanta shi ne ɓangaren da ba ya cikin ƙa'ida, wato abokan da ake musayar labarai da su a cikin Reader, wanda Google ya cire tun 2011 don ya tura mutane Google+. Shi kuma Google+ da aka rufe a Afrilun 2019, an ba kowa damar sauke hotunansa da rubutunsa, amma ba wanda ya fita da mabiyansa, don babu inda za a zuba su.

Saboda haka in an kawo mini sabon dandali ba na fara tambayar mutum nawa ne a ciki. Ina tambaya: in an rufe ƙofa gobe, da me za mu fita? Rubutu kam ana fita da shi kusan ko'ina. Abin da ake riƙe maka shi ne igiyar da ta haɗa ka da mai karatu, kuma ita ce ka shafe shekaru kana tufkawa.

Na ga wannan ido da ido a shirye-shiryenmu na fodkas. Mutane da yawa ba su san fodkas RSS ne tsagwaronsa ba: Winer ya ƙara wa fayil ɗin wani layi mai nuna inda sauti yake, Apple ya sa abin a iTunes a 2005, shi ke nan. Da kamfanin da ke ajiye mana sauti ya ƙara kuɗi, ga dala ta yi tashin gwauron zabi, sai muka nemi mai rahusa. Na kwashe fayilolin zuwa sabon masauki, na bi sabon RSS ɗin layi-layi don lambar shaidar kowane shiri ta zauna yadda take, domin in ta canja wayar mai sauraro za ta ɗauka sababbi ne, ta sake sauke masa shirye-shiryen bara ta cinye masa data. Sannan na sa umarnin 301 a tsohon adireshi, alamar da ke gaya wa duk manhajar da ta zo cewa an tashi daga nan har abada, ga sabon wuri. Cikin 'yan kwanaki manhajoji suka gyara da kansu. Ba mu roƙi kowa ya sake bin mu ba, ba kuma wanda ya kira ya ce shiri ya ɓace.

Ba wai abin ba ya ba da ciwon kai ba. Fayil ɗin ba ya yafiya: alamar & guda ɗaya da aka bari tsirara a kanun labari tana iya sa manhaja ta ƙi karanta komai. Mu masu rubuta Hausa muna da namu ƙarin. In kwamfutar da ke ɗauke da shafi, wato saba, ta yi kuskuren faɗin tsarin da aka rubuta fayil da shi, maimakon UTF-8 ta ambaci wani tsohon tsarin Turai, sai ƙ ta rabu biyu, ƙasa ta fito Æ™asa, ɗ ta koma É—. Edita ya kira ka da sassafe, “Malam, aljanu sun shiga kanun labarai.” Gyaran layi ɗaya ne, amma sai wanda ya san inda layin yake.

Sai dai maganar “mabiyana mallakina ne, zan tafi da su” ba ta kai yadda masu son buɗaɗɗen tsari ke faɗinta sauƙi ba, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. A farkon Janairun 2008 Facebook ya dakatar da asusun Robert Scoble, sanannen mai sharhi kan fasaha, wanda ke da abokai kusan 5,000, iyakar abin da aka yarda. Laifinsa, ya saki wata manhajar gwaji ta kamfanin Plaxo ta bi shafukan abokansa ɗaya bayan ɗaya tana kwashe sunaye da imel da ranar haihuwa. Facebook a lokacin yana nuna adireshin imel a matsayin hoto ne don kada na'ura ta kwafa, sai manhajar ta riƙa karanta hoton tana mayar da shi rubutu. An mayar masa da asusun ba da jimawa ba, amma ƙurar ta daɗe ba ta lafa ba. Wasu suka ce abokansa ne, su suka ba shi bayanan, yana da haƙƙin zuba su a littafin adireshinsa. Wasu suka ce a'a, na yarda ka ga imel ɗina a cikin Facebook, ban yarda ka ɗauka ka miƙa wa kamfanin da ban sani ba.

Shekara goma bayan haka rukuni na biyu ya samu hujja mai ɗaci. Badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 ta ƙofar abokai ta shigo. Mutum kusan 270,000 ne suka sa wata manhajar tambayoyi, amma saboda an bar manhajoji su ɗebi bayanan abokan wanda ya sa su, abin ya shafi har miliyan 87 a ƙiyasin Facebook kansa. Kamfanoni kuwa suka samu abin fakewa: duk sanda suka toshe wata hanya sai su ce don kare sirrinka ne. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kare kasuwa ne, sau da yawa duka biyun ne.

Wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu. Muna da lambobin masu kiran shirye-shirye da masu turo saƙo. An taɓa kawo shawarar a kwashe su duka a zuba a zaurukan WhatsApp na tasha, a riƙa tura musu tallan masu ɗaukar nauyi. Na ce, “Ranka ya daɗe, matar da ta kira shirin lafiya ta faɗi damuwarta ba ta ba mu lambarta don ɗaruruwan baƙi su gani a zaure ba.” Aka tsaya a kan sanarwa a iska, mai so ya shigo da ƙafarsa. RSS bai taɓa shiga wannan ruɗani ba, don tun asali mai wallafa bai riƙe sunan kowa ba. Abin da 'yan talla suka raina shi a kai shi ne amincinsa a wurin mai karatu.

Akwai kuma bambanci tsakanin ƙofar da ke buɗe da wadda aka ara maka mabuɗinta. Twitter na farko ya bar kowa ya haɗa manhajar da ke shiga cikinsa, kuma 'yan waje sun gina masa abubuwa da yawa; ko alamar # ta haɗa zance, Chris Messina ne ya kawo shawararta a 2007, shi kuwa ba ma'aikacin kamfanin ba ne. A Agustan 2012 aka ƙayyade wa sababbin manhajojin waje mutum 100,000, a 2013 aka daina ba da RSS na asusun mutane, a Janairun 2023 kuma, watanni kaɗan bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 44, aka wayi gari Tweetbot da Twitterrific sun daina aiki ba sanarwa. Zanen aro ba ya rufe katara. In wani dandali ya ba mu hanyar haɗa shafinmu da shi kai tsaye ina amfani da ita, amma ba na ɗora mata abin da zai rushe in an janye ta.

Sayen Twitter a Oktoban 2022 ya dawo da tsohuwar jayayyar da ƙarfinta, don a wannan karon akwai inda za a je. Eugen Rochko ya fara Mastodon, wani Twitter marar mai gida, a Jamus a 2016, a Janairun 2018 kuma hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ActivityPub, ƙa'idar da sabobi ke magana da juna da ita, wadda Prodromou ɗin nan na identi.ca yana cikin marubutanta. Da layin waya nake bayyana wa abokan aiki shi: mai MTN yana kiran mai Glo ba tare da ya sayi layin Glo ba, kuma tun Afrilun 2013 a Najeriya kana iya sauya kamfani ka riƙe lambarka. Haka mai asusu a wata saba ta Mastodon yake bin wanda ke wata, ya amsa masa, in mai sabar ya ɓata masa rai ya tashi, mabiyansa su bi shi. Kwatancen bai tsaya nan ba. Yawancin mutanen da na sani ba su taɓa sauya kamfani ba, waya mai layi biyu suka saya. Haka aka yi a can: an buɗe asusu a Mastodon, an bar na Twitter a kunne, bayan 'yan watanni da yawa suka koma inda aka fi hayaniya.

Ƙaurar ma ba cikakkiya ba ce. Mabiya suna bin ka, tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bi. Kuma sai tsohuwar sabar tana raye za ta iya miƙa ka. In mai ita ya gaji ya kashe ta cikin dare, suna da mabiya sun tafi tare. Shi ya sa sabobin da Mastodon ke tallatawa a shafinsa sai sun yi alkawarin sanarwar wata uku kafin su rufe, da ajiyar bayanai kullum, da mutum na biyu mai riƙe da mabuɗi. Ga kuma aikin da ba a faɗa a wurin talla. Wani ne zai zauna da dare yana karanta ƙorafi, yana goge batsa da zagi, yana yanke hukuncin wace saba za a toshe, kamar yadda sabobi da yawa suka toshe dandalin Gab lokacin da ya koma kan manhajar Mastodon a 2019. A babban kamfani biyan ma'aikata ake yi su yi wannan, ko da ana kukan ba su isa ba, musamman a harsuna irin namu. A buɗaɗɗen tsari ɗan sa-kai ne, da kuɗin aljihunsa. An taɓa tambayata ko za mu kafa sabar Hausa ta tasha. Kuɗin masauki bai tsorata ni ba. Na tuna yadda sashen sharhi ke zama ranar rikicin addini ko na zaɓe, na tambayi wa zai kwana a kai, ba a samu mai ɗaga hannu ba.

Sukar da ta fi ƙarfi ga buɗaɗɗen tsari daga wurin wanda ba za a zarga da son kamfanoni ba ta fito. Moxie Marlinspike, wanda ya kafa manhajar hira ta Signal, ya nuna a 2016 cewa duk ƙa'idar da dubban sabobi suka yi tarayya a kanta daskarewa take yi, don ba mai ikon tilasta wa kowa ya sabunta. Imel ya haura shekara 40, amma har yau yawancin saƙonninsa kamfanin da ke ajiye su na iya karantawa. WhatsApp kuwa a Afrilun 2016 ya kulle saƙonnin mutum fiye da biliyan ɗaya daga waya zuwa waya, ba tare da an kira taro ba. Hujja ce mai nauyi, ba na jin ta rusu. Abin da za a ce kawai, daskarewar nan ita ta sa fayil ɗin RSS da aka rubuta a 2003 yake buɗuwa yau, ita kuma ta sa ba attajirin da ya isa ya sayi imel ya canja masa suna, kamar yadda Musk ya mayar da Twitter X.

Bluesky, wanda Dorsey ya fara a cikin Twitter a 2019 kafin ya zama kamfani mai zaman kansa, ya nemi kama tsakiya: shiga da sauƙi, amma sunanka na iya zama adireshin shafinka na kanka. Wannan ɓangaren ya burge ni, don kafar labarai tana tabbatar da kanta ba sai ta sayi shuɗiyar alama ba. Threads na Meta kuwa da ya fara haɗuwa da ActivityPub a 2024, jama'ar Mastodon rabuwa biyu suka yi: masu murna, da masu tuna yadda Google Talk ya rungumi buɗaɗɗiyar ƙa'idar hira ta XMPP, ya tara jama'a, sannan ya saki hannunta a 2013.

Duk wannan jayayya an yi ta ne da tunanin kamfani shi ne mai rufe ƙofa. A nan mun ga wani mai mabuɗin. Ranar 4 ga Yunin 2021, kwana biyu bayan Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da shi, kamfanonin waya suka toshe, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Hukumar NBC ta umarci gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da shi, don haka ga mai lasisin watsa labarai VPN ba mafita ba ce. Gwamnati ta buɗe asusu a Koo, wata manhajar Indiya, wasu suka bi ta. Koo ya rufe a Yulin 2024, mabiyan da aka tara a can suka bi ruwa. Masu son buɗaɗɗen tsari za su ce da a kan dubban sabobi ake da toshewar ta yi wuya, kuma haka ne. Amma a Satumbar 2021 ɗin nan aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranakun nan ba ActivityPub, ba RSS, ba WhatsApp. Rediyo ce ta rage, da batir.

Ba na cikin masu cewa a fice daga manyan dandali. Masu sauraronmu suna Facebook da WhatsApp da TikTok, da yawansu saƙon murya suka fi so a kan rubutu, kuma mai sayen datar kwana ɗaya ba zai zauna koyon kwafe adireshin RSS ba. Abin da na ɗauka shi ne tsarin 'yan IndieWeb, su Tantek Çelik, da suka fara taro a 2011: ka fara wallafawa a shafinka, sannan ka rarraba kwafi ko'ina, kowane kwafi da mahaɗin da ke komowa gida. Labari ba ya hawa wani dandali sai ya hau shafi. Sauti ba ya kwana a waya ɗaya ko asusu ɗaya. RSS ɗinmu yana nan a kunne da cikakken labari, ba rabi ba, ko da masu karanta shi kai tsaye ba su da yawa, don shi ke ciyar da wasiƙar imel da manhajojin tattara labarai da tashar Telegram ba tare da wani ya kwafa da hannu ba.

Abin da nake kan fama da shi yanzu ba aikin injiniya ba ne. Duk ginin nan a kan sunan shafi, wato adireshinsa na intanet, yake zaune, shi kuma sunan haya ce ta shekara-shekara. Ranar da aka manta biya, wani na iya saye, RSS da umarnin 301 da duk mahaɗan da muka rarraba su koma nuna gidan wani. Na tarar da namu an yi masa rajista da imel ɗin wani tsohon ma'aikaci da ya daɗe da barin aiki, ana biyan kuɗin da katin wani dabam. Mun samu an mayar da shi sunan kamfani, da imel ɗin da mutum biyu ke iya buɗewa. Saura a biya shekara biyar a dunƙule, a sa shi cikin kasafin kuɗi kamar dizal. Akanta ya ce in fara kawo masa takarda mai nuna abin da sunan ke shigo da shi a wata.